Dodo A Cikin Kwali: Tarihin Abin Tsoro Tsakanin Bature Da Bahaushe

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Wudil, sai wani abokina da ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta garin ya zo mini da wani abin mamaki a cikin kwali. Wansa ne da ke zaune a Amurka ya aiko masa da shi. Da ya buɗe sai ga wani ɗan mutum-mutumi na roba, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba, kansa a baje kamar an daɓe, ga ƙusoshi biyu a wuya. Ya ce wannan shi ne dodon nan na fim ɗin Frankenstein, kuma wai a can ƙasar manya masu gemu su ne suka fi sayen irinsa su adana.

Muna cikin jujjuya shi a tsakar gida sai kakata ta fito. Na ɗaga mata shi don in ba ta tsoro, na ce, "Iya, ga dodon Turawa." Ta karɓa ta ƙura masa ido, ta juya shi gaba da baya, sa'an nan ta miƙo mini ta ce, "Haba mai gidan! Wannan ai majinyaci ne, Allah ya ba shi lafiya. Dodon da za a ɗauka a hannu har a ƙirga masa yatsu, ina sauran dodo a nan?"

Wannan magana ta tsohuwa ita ta sa na ɗauki alƙalami. A cikin wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙari in bi sawun dodanni biyu, watau na Bature da na Bahaushe, domin mu ga yadda ɗaya ya sami fuska har ya shiga kasuwa, da yadda ɗayan ya zauna cikin duhu ba a taɓa ganinsa ba, sa'an nan mu duba abin da kowannensu ya samu da abin da ya rasa.

Abin Da Ke Cikin Kwalin

Tsakani da Allah, wanda ya ƙera abin nan ya san aikinsa. Tsawonsa kamar inci 7 ne. An yi masa fatar ido mai nauyi kamar ta wanda barci bai sake shi ba, kumatunsa a lotse, ga tabon ɗinki a goshi da wuyan hannu. An sa masa baƙar kwat wadda hannuwanta suka ɗage masa, da takalma masu tudun ƙasa. Fentinsa toka-toka ne da baƙi, domin ya yi kama da yadda aka gan shi a fim marar launi. Yana da gaɓɓai a wuya da kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu da gwiwa, ana iya tsai da shi yadda aka ga dama. An haɗo shi da kawuna uku da ake cirewa a sauya: ɗaya fuskarsa shiru, ɗaya yana ɗan murmushi, ɗaya kuma ya yaƙe haƙora. Har wa yau akwai sarƙa da mari, da waɗansu 'yan furanni farare waɗanda za mu zo kan labarinsu nan gaba.

Amma fa ba a rasa shi da aibu ba. Robar kwat ɗin tana da tauri, ba ta barin hannu ya ɗagu sosai. Sauya kai kuwa sai da muka tsoma wuyan a ruwan ɗumi tukuna, don gudun kada ya ɓalle. Kuɗin da aka saye shi, in ji abokina, zai iya sayen ɗan akuya a kasuwar Juma'a. To, mai karatu zai so ya san yadda aka yi abin da aka ƙaga don ya firgita mutane ya koma abin ado a kan kanta. Amsar tana cikin tarihi.

Asalin Dodon Bature

A shekarar 1816 wata budurwa 'yar Ingila mai shekara 18, wadda duniya ta sani da sunan Mary Shelley, ta je baƙunci bakin tafkin Janeba a ƙasar Suwizalan tare da mawaƙan nan biyu, Percy Shelley da Lord Byron. Ruwan sama ya hana su fita, sai Byron ya kawo shawara kowa ya ƙago labarin ban tsoro. Watau dai tatsuniyar dare suka zauna yi, kamar yadda ake yi a ɗakin kaka. Labarin da ita ta ƙago shi ne aka buga a 1818 ba tare da sunanta ba, shekara guda bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma shekara guda kafin Ibrahim Dabo ya hau gadon sarautar Kano.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Frankenstein sunan maƙerin ne. Dodon kansa ba a raɗa masa suna ba. Victor Frankenstein ɗalibin kimiyya ne a jami'ar Ingolstadt ta Jamus, wanda ya harhaɗa jiki daga sassan gawa ya nemi ya sa masa motsi. Da abin ya buɗe ido, sai maƙerin ya tsorata ya gudu ya bar shi. A cikin littafin wannan halitta mai tsawon ƙafa 8 tana da hankali, ta koyi magana ta hanyar laɓewa tana sauraron waɗansu iyali, ta koyi karatu, har ta zo tana tuhumar wanda ya yi ta da fasahar harshe. Littafin gargaɗi ne ga mai ilmin da ya shiga hurumin da ba nasa ba, sa'an nan ya ƙi ɗaukar nauyin abin da hannunsa ya aikata.

Fuskar da ke cikin kwalin abokina kuwa ba ta cikin littafin. An ƙirƙiro ta ne a 1931, sa'ad da kamfanin Universal na Amurka ya yi fim ɗin a ƙarƙashin jagorancin James Whale. Wani ɗan wasa Baturen Ingila, Boris Karloff, shi ya fito a matsayin dodon, kuma wani gwanin kwalliya mai suna Jack Pierce shi ya tsara kamannin. Kullum sai an shafe sa'o'i ana liƙa masa auduga da gam kafin a fara ɗauka. Shi ya baje kan, ya sa ƙusoshin wuya a matsayin mashigar lantarki, aka gajarta hannun kwat don hannuwansa su yi kamar sun fi ƙima tsawo. A farkon fim ɗin, inda ake jera sunayen 'yan wasa, alamar tambaya kawai aka sa a gurbin sunan Karloff. An kuma ƙwace wa dodon harshe, ya koma sai gurnani.

Su kuwa furannin nan, ga labarinsu. A cikin fim ɗin dodon ya tarar da wata ƙaramar yarinya a bakin tafki, ba ta ji tsoronsa ba, ta ba shi furanni suna jefawa a ruwa suna kallon yadda suke yawo. Da furannin suka ƙare, sai ya ɗauke ta ya jefa, yana zaton ita ma za ta taso, ta nutse. Masu tace fina-finai sun yanke wannan wuri, ba a mai da shi ba sai cikin shekarun 1980.

Yadda Ya Zama Haja

Bahaushe ya ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." Haka ta faru ga wannan dodo. Kamfanin ya yi ta maimaita shi a fina-finai, shi da 'yan'uwansa irin su Dracula na 1931, da gawar Masar mai naɗe da likkafani ta 1932, da mutum mai rikiɗa kyarkeci na 1941. Kafin a kai ko'ina tsoron ya fara sanyi, har a 1948 aka haɗa shi da 'yan wasan barkwanci Abbott da Costello, mutane suka shiga sinima don su yi dariya.

A 1957 aka tattara tsofaffin fina-finan ban tsoro guda 52 aka sayar wa gidajen talabijin na Amurka, suna nunawa da dare. Nan ne yara suka gamu da dodon a cikin ɗakin iyayensu. A 1958 aka fara buga mujallar Famous Monsters of Filmland domin irin waɗannan yara. A 1961 kamfanin Aurora ya fito da dodon Frankenstein na roba gunduwa-gunduwa a kan santi 98, yaro ya saya ya haɗa da gam ya shafa fenti da kansa. Ka ga ke nan kowane yaro ya zama ɗan ƙaramin Victor Frankenstein a kan teburinsa. A 1964 kuma kamfanin Hasbro ya fito da sojan roba mai gaɓɓai, G.I. Joe. Da yake sun san yara maza ba za su yarda a ce suna wasa da 'yar tsana ba, sai suka laƙaba wa abin wani sabon suna mai ma'anar mutum-mutumi mai motsi. Daga wannan dabara ce irin abin da ke cikin kwalin abokina ya samo asali. A 1971 har hatsin karin kumallon yara aka sa wa suna da fuska irin ta dodon, a 1997 kuma gidan wayar Amurka ya buga hotonsa a kan sarki.

Yaran nan na shekarun 1960 su ne suka girma suka sami abin hannu, suka koma neman abin da suka yi wasa da shi suna ƙanana. Ta haka sana'ar tara irin waɗannan kaya ta kafu, har ya zama wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba ya fi wanda aka buɗe daraja.

Wani abin lura kuma shi ne, da dodon ya sami fuska sai fuskar ta sami mai ita. Littafin Mary Shelley na kowa ne, amma kamannin da Jack Pierce ya tsara mallakar kamfanin Universal ne. Shi ya sa a 1957, da kamfanin Hammer na Ingila ya tashi yin nasa fim ɗin, dole ya sake wa dodon kamanni dabam. Iyalan Bela Lugosi, wanda ya fito a Dracula, sun kai ƙara suna neman haƙƙinsu a kan kayan da ake sayarwa da fuskar mahaifinsu, suka faɗi a babbar kotun jihar Kalifoniya a 1979, bayan 'yan shekaru kuma majalisar jihar ta yi dokar da ta ba magada irin wannan haƙƙi. Dodo ke nan ya shiga rabon gado.

Dodon Bahaushe

To, mu dawo gida. In muka dubi yadda Bahaushe yake amfani da kalmar dodo, za mu ga kusan kullum tana tafe da ɓoyo. Dodon kunne yana can ciki inda ido ba ya kaiwa. Dodon koɗi yana ƙunshe cikin ɓawonsa. In an ce abu dodorido ne, ana nufin barazana ce wadda in an yaye mata zane ba a tarar da kome ba. In mutane biyu bakinsu ɗaya a ɓoye, sai a ce dodo ɗaya suke yi wa tsafi. Maroƙa kuma sukan kira sarki ko wani jarumi dodo, domin kwarjininsa ba ya barin a haɗa ido da shi.

Gidan Dodo na ainihi shi ne tatsuniya. Tun a 1885 J. F. Schön ya buga Magana Hausa. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa har juzu'i uku, wanda malamai suka rubuta masa mafi yawansa da ajami. A 1913 A. J. N. Tremearne da R. S. Rattray kowannensu ya buga nasa tarin. Daga baya marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta. Wanda ya bi tatsuniyoyin Dodo zai tarar an san halinsa sarai: ƙato ne, ga ci ba ƙoshi, yana haɗiye mutum da sa da doki, yana jin warin ɗan Adam daga nesa, yana tsoron karnuka, kuma duk da ƙarfinsa wawa ne, Gizo ko ɗan auta yakan yi masa wayo. Amma ka tambayi mutum goma yadda fuskarsa take, za ka sami amsa goma. Wani ya ce gashi ne ya rufe shi har ƙasa, wani ya ce yana da wutsiya, wani ya ce idanunsa kamar garwashi. Mai ba da tatsuniya takan faɗi kaɗan ne, ta bar wa duhu da zuciyar yaro su ƙarasa ginin.

Akwai wata tatsuniya da Tremearne ya rubuta irinta, wadda ni ma na ji a bakin kakata. Waɗansu mata biyu suka je rafi ɗiban ruwa, ɗaya tana da ciki. Abokiyar tafiyarta ta faki idonta ta cika mata tulu da ƙasa, ta ɗauki nata ta yi gaba. Mai ciki ta yi ta fama tulu ya ƙi ɗaguwa, ga magariba ta kawo kai. Sai Dodo ya fito daga ruwa ya ce zai ɗora mata, amma da sharaɗi: in ta haifi namiji abokinsa ne, in mace ce matarsa ce. Ta yarda don ta tsira. Ta haifi mace, yarinya ta girma, aka manta da alkawari. Ranar bikinta sai ga Dodo ya zo karɓar bashinsa. Aka ba shi shanu ya haɗiye, aka ba shi dawaki ya haɗiye, ya bi 'yan biki ɗaya bayan ɗaya, har ya rage sai amarya. Ta roƙi Allah, sai wata wuƙa ta faɗo daga sama, Dodo ya haɗiye ta saboda haɗama, ta farke masa ciki, kowa ya fito da ransa.

Mai karatu zai ga a nan ma akwai dodo da yarinya da bakin ruwa, kamar a fim ɗin 1931. Sai dai aikin da labarin yake yi dabam ne. Yana koyar da sharrin hassada, da nauyin alkawari, da cewa haɗama ita ke kashe mai ita. A gari irin Wudil kuma, wanda ke zaune a bakin babban kogi, yana da wani amfani na zahiri. Mu da muka tashi a nan mun san ba dogari ne ya hana mu zuwa bakin ruwa da tsakar rana ko bayan magariba ba. Dodo ne. Uwa ba ta iya bin ɗanta ko'ina, sai ta aika Dodo ya tsare mata gaɓar kogi, kuma Allah kaɗai ya san yawan yaran da wannan tsoro ya tsamar daga halaka.

Wannan ɗabi'a ta ɓoye abin tsoro tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya kawo labarin Tsumburbura, abin bautar mutanen Dala, wanda ke wurin wata itaciya da aka kewaye da katanga. Ba mai shiga sai Barbushe, shi ne zai fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru cikin shekara. Ƙarfin abin yana cikin katangar nan, shi ya sa sarakunan da suka yaƙi tsafin, irin su Tsamiya da Yaji a ƙarni na 14, rushe wurin suka sa a gaba. Haka nan dodon tsafi na maƙwabtanmu da ke kudancin ƙasar Zazzau, wanda Hausawa suka laƙaba wa wannan suna: akan rufe mutum ruf da ganye ko ciyawa, a sauya masa murya, a hana mata da yaran da ba a shigar ba sanin ko wane ne a ciki. Ranar da aka gane mutumin, ranar dodon ya mutu.

Dodon Bango Da Dodon Tashe

Sa'ad da Turawan mulki suka zo da majigi, aka kafa farin ƙyalle a fili mutane suka ga hotuna suna motsi, ɗaya daga cikin sunayen da Hausawa suka ba abin shi ne dodon bango. Sunan ya dace, domin ga mutum yana tafiya amma in ka kai hannu ba ka taɓa kome. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, kuma malamai da dattawa da yawa sun ƙyamaci abin. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, jama'a da dama suka ɗauki wannan a matsayin ishara. A cikin shekarar nan ce kuma aka buɗe sinimar Palace a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi, aka sha rigima a kanta. Amma yau da gobe ta fi ƙarfin wasa. Ido ya saba, fina-finan Indiya suka shigo suka zauna, har a 1990 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka yi Turmin Danya, Hausawa suka fara yin nasu na bidiyo. Sunan dodon bango ya ɓace daga bakin mutane, domin ba sauran mai jin tsoron bangon.

Wuri guda da Bahaushe yakan yarda ya ba abin tsoro jiki shi ne tashe. Daga goma ga watan azumi yara sukan liƙa gemun auduga, su shafa gawayi ko farar ƙasa, su cusa tsummoki a ciki, su bi gida-gida. Amma wannan shiga ta dare ɗaya ce, ta raha ce, kuma da wata ya ƙare ake watsar da ita. Abin sha'awa, fataken Hausawa da suka zauna a Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso a ƙarni na 19 sun tafi da irin wannan wasa na azumi, kuma har sunansa can Dodo. Yaran garin, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suka karɓe shi, suna fafe ƙwarya suna yin fuskokin namun daji, suna rawa a ƙofar gidaje ana ba su kyauta, daga baya har gasa aka riƙa shirya masa. Ka ga a can Dodon Bahaushe ya sami fuska, kuma abin da ya sami na Amurka shi ya same shi, watau ya tashi daga abin gudu ya koma abin kallo.

Me Ya Sa Ba Mu Ƙera Dodo Ba?

Kada a ce rashin iyawa ne. Ƙasar nan ta san ginin sura tun fiye da shekara dubu biyu, kamar yadda kayan yumɓun Nok suka nuna. Ɗaya daga cikin kawunan da suka fi shahara ma, wanda aka kai wa Bernard Fagg a Jos wajen 1943, an same shi ne wani ya kafa shi a gonar doya yana korar dabbobi da shi. Yaranmu kuma ba su taɓa rasa abin wasa ba. 'Yan mata suna yin 'yar tsana da kara ko ƙashi ko tsumma, su yi mata kitso su goya ta. Mu maza a Wudil mukan ɗebo laka a bakin kogi mu gina shanu masu tozo da ƙaho, mu jera su muna ciniki kamar yadda muka ga dillalai suna yi a kara ranar Juma'a. Mun yi dokin kara, mun yi motar langa-langa. Amma ban taɓa ganin yaron da ya zauna ya gina Dodo ba. Yaro yakan gina abin da yake so ya mallaka ne, ba wanda yake fatan mallakar Dodo.

Dalili na biyu shi ne addini. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi a nan, sun hana sassaƙa cikakkiyar surar abu mai rai wadda take da inuwa. Sun yi rangwame ga 'yan tsanan yara mata, saboda hadisin da ya nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da su a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma saboda suna koya wa yarinya reno. Babban mutum ya tara gumaka a kanta yana kallo kuwa, wannan ba shi da gurbi a tarbiyyarmu. Saboda haka hanyar da Amurkawa suka bi suka raya dodonsu ba a buɗe take gare mu ba, kuma ni ban ga dalilin yin baƙin ciki a kan haka ba.

Kammalawa

In muka auna, kowane dodo ya biya kuɗin hanyar da ya bi. Na Bature ya sayar da kwarjininsa ya sayi tsawon rai. Ba mai jin tsoronsa yau, amma ga shi bayan shekara fiye da 90 ya ƙetare teku ya iso Wudil a cikin kwali, da tabonsa da ƙusoshinsa ba abin da ya ɓace. Namu ya riƙe kwarjininsa, amma ba shi da wurin zama sai bakin tsofaffi, su kuwa kullum tafiya suke yi. Dandali ya watse, hirar ɗakin kaka ta koma kallon talabijin da latsa waya. Yaro a yau yana iya zana maka dodannin Amurka da na Japan, amma ka ce ya ba ka tatsuniyar Dodo guda ɗaya daga farko har ƙurunƙus, sai ya tsaya yana susar ƙeya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana 'yan wannan ƙungiya. Abin da Edgar ya yi da taimakon malamai da tawada fiye da shekara 110 da suka wuce, mu yau muna da abin yin sa a aljihunmu. In an yi hutu, kowa ya nemi tsohuwa guda a garinsu. Mu na wannan yanki mu shiga Utai da Darki da Indabo da Lajawa da Acika, mu zauna mu ɗauki muryarsu, da waƙar da ke cikin tatsuniyar, da yadda suke sauya murya in Dodo zai yi magana. A rubuta garin da ranar, kada a gyara musu Hausa, sa'an nan a kawo wa Sashe a adana. Malamanmu kuma muna roƙon su ɗauki wannan a matsayin aikin da ya cancanci maki.

Bari in rufe da abin da ya faru a daren ranar nan. Abokina ya manta da kwalinsa a gidanmu. Da la'asar sai na ga 'yar wana, mai shekara biyar, ta ɗauki dodon Frankenstein ta goya shi da ɗankwali tana jijjiga shi, wai yana kuka. Wanda ya jefa yarinya a tafki, ga shi a bayan yarinya ana lallashinsa. Bayan sallar lisha aka ɗauke wuta, yara suka taru wurin Iya, na roƙe ta ta yi musu ta Dodo da mai ciki. Da ta zo inda ruwa ya dare Dodo ya ɗago kai, ta yi ƙasa da murya, sai yarinyar nan ta yar da na robar a kan tabarma ta faɗa jikin Iya ta ƙanƙame ta. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya ba mu ikon karɓar abin da ke bakinsu tun suna raye, amin.